Mai Zane da Baduku: Ɗalibi, Almarar Girkawa da Gyaran Abokan Karatu

 Zancenmu na wannan mako zai kai mu makarantun koyon zane na ƙasashen Turai da Amurka, inda ake da wata al'ada wadda ta cancanci mu tsaya mu dube ta da idon basira. Al'adar kuwa ita ce, idan ɗalibi ya gama zanensa, ba malami kaɗai yake kai wa ba. Akwai ranar da ake keɓewa, kowa ya kawo aikinsa ya manna a bango, 'yan aji su taru su bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi da maras daɗi, mai aikin kuwa yana tsaye yana saurare. Wanda bai saba ba yakan fita ran nan zuciyarsa a ɓace. Duk da haka malaman sana'ar ba su yarda a tsallake wannan rana ba, domin a nan ne ɗalibi yake fara gane cewa abin da ke cikin kansa daban, abin da ya sauka a takarda daban.

Bari mu ɗauki ɗalibi guda daga cikin irin waɗannan, wanda ya zaɓi ya yi labarin zane, watau labarin da ake bayarwa cikin jerin hotuna, kowane hoto a cikin ɗan gidansa mai kusurwa huɗu, maganar mutane kuma a cikin 'yar ƙawanya kusa da bakinsu. Wannan fanni shi kansa ta hannun masu kallo ya shigo duniya. Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta na birnin Jeniba a ƙasar Suwizalan, wanda mutane da dama suke ɗauka uban wannan sana'a ne a Turai, ya zana labarinsa na farko a 1827 don nishaɗin kansa da na ɗalibansa da abokansa. Sai da aka kai wa Goethe, babban marubucin nan na Jamus, wasu daga cikin zane-zanen ya gani ya yaba, sa'an nan Töpffer ya sami ƙarfin zuciyar buga su a cikin shekarun 1830.

Ɗalibin namu ya ce shi almarar Girkawan dā zai zana. Ba shi kaɗai ba ne, domin ɗaliban zane da yawa can suke nufa, kuma dalilansu a fili suke. Labaran ba su da mai haƙƙin mallaka da za a nemi izininsa ko a biya shi. Mutanen waɗannan ƙasashe sun san su tun suna yara. Daɗin daɗawa cike suke da abubuwan da hannun mai zane yake ƙaiƙayin zanawa: macen da gashin kanta macizai ne, ƙato mai ido ɗaya a goshi, yaron da ya tashi sama da fukafukan da aka liƙa da kakin zuma. Girkawan dā sun bauta wa waɗanda ake ambata a cikin labaran nan, amma Girkawan yau mafi yawansu Kiristoci ne, labaran kuwa sun koma adabi da ake karantawa a makarantu. To, ɗalibi ya yi makonni yana aiki, ya kawo shafukansa ya manna a bango. Me abokan karatu za su ce masa?

Ƙorafin da ya fi saurin fitowa shi ne, “Ba mu gane wane ne wane ba.” Ɗalibi ya zana maza biyar, kowa da gemu, kowa da farin mayafi, shi ya san wannan Ziyus ne wancan kuma ƙanensa ko wansa, amma mai kallo bai sani ba. Girkawan dā sun riga shi cin karo da wannan matsala, sun kuma warware ta da ba kowa alamarsa. Ziyus yana riƙe da tsawa, Fosaidon da mashi mai baki uku, Atina da kwalkwali da mujiya, Hamis da takalma masu fukafukai, Herakilis kuwa da fatar zaki da kulki. Inda alama ba ta isa ba sai su rubuta suna. A gidan kayan tarihi na birnin Fulorens a Italiya akwai wata babbar tukunya da aka yi wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wadda wani mai zane Kilitiyas ya ƙawata da siffofi 270 na mutane da dabbobi, da rubutu 121, mafi yawansu sunaye ne a gefen masu su. Ke nan mai zanen nan ma bai bar mai kallo ya yi ta kame-kame ba.

Masu sana'ar na zamaninmu kowa da dabararsa. Rachel Smythe, 'yar ƙasar Niyu Zilan, wadda ta yi Lore Olympus a dandalin Webtoon daga 2018 zuwa 2024, launi ta raba wa mutanenta: Hedis shuɗi, Fasefoni ruwan hoda, Ziyus shunayya, Fosaidon kore. Ko daga nesa ka hango shafin ka san wanda ke magana. Aikin ya ci kyautar Eisner, wadda ake ji da ita a wannan fanni a Amurka, shekara uku a jere, 2022 da 2023 da 2024. Gareth Hinds na Amurka, da ya zo zana Iliyad a 2019 ya ga sadaukai sun yi yawa kuma duk cikin sulke suke, sai ya saƙa harafin farko na sunan kowane shugaban yaƙi a jikin sulkensa. Har ma farin mayafin da ɗalibai ke yawan zanawa gado ne na kuskure, domin gumakan dutsen Girkawa da muke gani farare a yau, asalinsu fentin launi gare su, tsawon zamani ne ya kankare shi. Wani baje koli da aka buɗe a birnin Munik na Jamus a 2003, ƙarƙashin jagorancin masani Vinzenz Brinkmann, ya nuna wa jama'a kwafin gumakan cikin ja da shuɗi da rawaya kamar yadda binciken masana ya gano.

Bayan wannan sai wani ya ɗaga hannu ya ce, “Rubutu ya yi yawa, karatu muke yi ba kallo ba.” Wannan ciwo ne na duk wanda ya ɗauko labari daga littafi. Iliyad ta Homa tana da baiti wajen 15,700, Odisi kuma wajen 12,000. Ɗalibi yana jin nauyin ya zubar da wani abu, sai ya cika saman kowane hoto da bayani, hoton kuma ya koma maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa. Hinds ya zuba Odisi duka cikin shafi wajen 250 a 2010, kuma akwai wuraren da ya bar hoto shi kaɗai ya yi magana. Tun a 1766 wani masani Bajamushe, Lessing, ya bayyana cewa mawaƙi lokaci ne a hannunsa, yana iya bin abu daga farko har ƙarshe, amma mai zane ƙiftawar ido guda aka ba shi, tilas ya zaɓi wadda za ta sa mai kallo ya hango abin da ya wuce da abin da ke tafe. Mai labarin zane yana tsakanin su biyu. Ƙiftawa da yawa gare shi, amma ƙididdigaggu ne, saboda haka gwanintarsa tana wajen zaɓe.

Alal misali mu ɗauki labarin Ikarus. Ubansa Dedalus ya haɗa musu fukafukai don su tsere daga tsibirin Kirit, ya gargaɗe shi kada ya yi ƙasa ƙwarai ruwan teku ya jiƙa gashin, kada kuma ya yi sama ƙwarai rana ta narkar da kakin. Yaro ya ji daɗin tashi ya manta da gargaɗi, ya faɗa teku ya halaka. Ɗalibi a zanensa na fari yakan rubuta duk wannan. Bayan an yi masa gyara sai ka ga ya dawo da hoto biyar: hannun tsoho yana liƙa gashi, fuskar tsoho yana magana yaro yana kallon sama, yaro ya zama ɗan ɗigo kusa da rana, gashi guda yana saukowa, sa'an nan teku shiru ba kowa. A birnin Burasal akwai wani tsohon zane da ake dangantawa da Bruegel, inda manomi yake ta huɗarsa, jirgin ruwa yana wucewa, Ikarus kuwa ƙafafunsa kaɗai ake gani a wani lungu suna nutsewa. Wanda ya lura da ƙafafun nan ba ya bukatar a rubuta masa cewa duniya ba ta tsayawa don mutuwar kowa.

Ƙorafi na uku ya fi sauran wuyar sha'ani, shi ne mai cewa, “Ai ba haka labarin yake ba.” A nan dole ɗalibi ya yi hattara, domin almarar Girkawa ba ta da littafi guda da za a ce shi ne asali. Hesiyod ya ambaci Medusa a matsayin ɗaya daga cikin 'yan'uwa mata uku, ita kaɗai ce mai mutuwa a cikinsu. Obid, mawaƙin Rum wanda ya zo bayansa da shekaru wajen ɗari bakwai, shi ya ba da labarin cewa kyakkyawar budurwa ce aka ci zarafinta a ɗakin bauta, sa'an nan aka hukunta ta da mayar da gashinta macizai. Kowa ya san Akilis ba ya jin makami sai a diddige, amma Homa bai faɗi haka ba. Labarin tsoma shi cikin kogi yana jariri a wurin wani mawaƙin Rum, Istatiyus, aka same shi, a ƙarni na farko na Miladiyya. Dokin katakon da aka ci birnin Turoya da shi ba ya cikin abin da Iliyad ta bayar, domin ita da jana'izar Hekta ta ƙare. Fandora ma da ake cewa ta buɗe akwati, randa ce a wurin Hesiyod. Erasmus ne a ƙarni na 16 ya mayar da ita akwati sa'ad da yake juya labarin zuwa Latin. Mai ba da labari da baki yana iya gilmawa ta kan irin wannan, amma mai zane tilas ya zana ko randa ko akwati.

Masu zanen Girkawa su kansu ba su ɗaure kansu da abin da mawaƙa suka faɗa ba. A gidan kayan tarihi na Fadar Paparoma akwai wani ƙoƙon shan ruwan inabi da Duris ya zana wajen shekara 480 kafin Miladiyya, inda aka nuna Jeson yana rataye daga bakin wani ƙaton maciji, Atina tana tsaye tana kallo. Babu wannan a cikin rubutattun labaran Jeson da suka iso mana. Saboda haka idan abokin karatu ya ce ba haka labarin yake ba, mai yiwuwa ne ruwaya guda ya sani. Amma wannan ba hujja ba ce ga malalacin ɗalibi. Wanda ya karanta ruwayoyi uku ya zaɓi ɗaya, ko ya haɗa su bisa dalili, yana da amsar da zai bayar. Wanda ya canza labari don bai san yadda yake ba, shi gyaran ya hau kansa. Eric Shanower, wanda ya gama makarantar zane ta Joe Kubert a Amurka a 1984, ya fara zana yaƙin Turoya a 1998 cikin jerin da ya kira Age of Bronze. Ya tattara ruwayoyi na dā da na baya, ya bi abin da masu haƙar kayan tarihi suka tono don ya san irin tufafi da makamai da gine-ginen zamanin, sa'an nan ya yanke shawarar da ba kowa zai so ba: ya fitar da allolin daga fage, ya bar mutane da son zuciyarsu. An ba shi kyautar Eisner a 2001 da 2003.

Akwai kuma batun abin da ido ba ya son gani. Labaran nan cike suke da kisa da fyaɗe da cin amana, har da uban da ya haɗiye 'ya'yansa. Wani ɗan aji zai ce zanen ya yi muni, wani kuma ya ce an wanke labarin har ya rasa ɗanɗano. Girkawa a wasannin kwaikwayonsu galibi ba sa yin kisa a gaban 'yan kallo, sai wani manzo ya shigo ya ba da labarin abin da ya auku. An kuma ruwaito cewa wani mai zane Timantis ya zana ranar da sarki Agamemnon ya miƙa 'yarsa Ifijiniya hadaya don iska ta taso wa jiragen yaƙinsa. Ya nuna baƙin ciki a fuskar kowa, na wannan ya fi na wancan, da ya iso kan uban sai ya lulluɓe masa fuska da mayafi. Wani zanen bango da aka tono a Fomfe, wanda yake birnin Nafoli yanzu, ya bi wannan tsari. Mai labarin zane yana da irin wannan mayafi, shi ne ɗan farin filin da ke tsakanin hoto da hoto. Ya nuna wuƙa a sama, ya nuna fuskar uwa a hoto na gaba, sauran mai karatu zai cika da kansa.

To, ga gyare-gyare sun taru, wasu ma suna karo da juna. Wanne ɗalibi zai ɗauka, wanne zai bari? Amsar tana cikin wani labari na Girkawan su kansu, wanda Filini, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya adana mana. Afelis shi ne mai zanen fadar Iskandari Mai Girma a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, kuma a zamaninsa ba a ga kamarsa ba, ko da yake babu zanensa ko ɗaya da ya rage. Al'adarsa ce idan ya gama zane ya kafa shi inda mutane ke wucewa, shi kuwa ya ɓuya a baya yana jin abin da za su ce. Wata rana wani baduku ya tsaya ya ce maɗaurin takalmin da aka zana ya kasa da ɗaya. Afelis ya ji, ya gyara. Kashegari baduku ya dawo ya ga an bi maganarsa, kansa ya kumbura, sai ya shiga kushe ƙafar mutumin. Nan Afelis ya leƙo ya gaya masa cewa baduku iyakarsa takalmi.

Mutane sukan riƙe ƙarshen labarin nan su manta da farkonsa, alhali kuwa farkon ya fi nauyi. Gwanin gwanaye ne ya ɓuya yana sauraron masu wucewa, ya kuma gyara aikinsa bisa maganar mai ɗinkin fata. Abin da ya sa ya karɓa shi ne baduku ya yi magana a kan abin da ya sani. Haka abokan karatu suke. Abin da suka fi mai zane sani shi ne inda suka ɓace, domin su ba su kwana da labarin ba. Idan mutum biyar suka ce sun rikice a shafi na uku, lalle shafin nan yana da ciwo, kuma duk bayanin da mai zane zai yi da baki ba zai warkar da shi ba, tun da ba zai bi kowane mai karatu gida ya yi masa bayani ba. Amma maganin ciwon na mai zane ne. Wani zai ce a ƙara rubutu, wani ya ce a sake launi, alhali wataƙila abin da ake bukata shi ne a raba hoto ɗaya gida biyu. Ɗalibin da ya bi shawarar kowa da kowa zai wayi gari da aikin da ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma motsa kowa, domin dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai.

Sau da yawa babbar ribar ranar bango ita ce rage buri. Ɗalibi ya shigo da niyyar zana Odisi duka cikin zango ɗaya, ya fita da shafi takwas a kan Fenelofi, matar da take saƙa da rana tana warwarewa da dare don ta jinkirta masu neman aurenta. Wannan ba faɗuwa ba ce. George O'Connor ya yi shekara 12, daga 2010 zuwa 2022, kafin ya kammala littattafansa 12 na Olympians, Shanower kuwa ya shafe fiye da shekara 20 a kan yaƙi guda. Shafi takwas da aka gama, aka gyara, aka sake gyarawa, sun fi koya wa mutum sana'a bisa ga shafi ɗari da aka bari a rabi.

Wani zai ce, ina ruwanmu da almarar Girkawa? Ruwanmu kuwa ya daɗe a ciki. Ola Rotimi ya ɗauki labarin Odifus, mutumin da ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, ya mayar da shi sarki Odewale na ƙasar Yarbawa a wasan da aka fara nunawa a Ile-Ife a 1968. Wole Soyinka ya sake ƙera wani wasan Yurifidis aka nuna shi a Landan a 1973. A Hausa ma Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da sauran wurare ya zuba cikin Magana Jari Ce tsakanin 1937 da 1939, ya sa musu riga da hula har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Duk yaron da ya zauna zai zana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tambayoyin ɗalibin can za su tare shi. Gizo mutum ne ko gizo-gizo? Wace ruwaya ta labarin Bayajida zai bi? Me zai nuna a bakin rijiyar Kusugu, me zai bar wa mai karatu?

Abin da nake ganin ya fi ƙaranci a wurinmu shi ne bangon nan da ake manna aiki. Yaro ya nuna zanensa ko rubutunsa, sai a ce masa madalla don kunya, ko kuwa a kushe shi da kansa har ya ajiye alƙalami. Duka biyu cuta ce. Ina kira ga malaman zane a makarantunmu, da samari da 'yan mata masu wannan sha'awa a ko'ina suke, su riƙa haɗuwa ko da mutum huɗu ne, kowa ya shimfiɗa aikinsa. Mai gyara ya faɗi shafin da ya ɓace da abin da ya ɗauka ana nufi, ya tsaya nan. Mai aiki kuma ya yi shiru ya rubuta abin da aka faɗa, ya bari sai ya kwana ya huce kafin ya yanke abin da zai ɗauka. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.